Yadda Za Ka Juya Gadon Matarka Bisa Ilimin Sinawa

Idan matarka ta tafi wankan gida, kwana arba'in ya cika, hamsin ya wuce, sittin ya leƙo, kuma saƙon da ya iso maka kawai shi ne wai ba ta iya barci a ɗakinka, to gyara zama, ka zo wurin da ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan goma ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, matarka za ta dawo har ƙofar gida, a cikin mota, da rakiyar danginta, kafin rana ta faɗi. Ban ce za ka ji daɗin yadda za su zo ba. Na dai ce za su zo.

Kada ka yi shakkar wanda yake koyar da kai. Sunana Idirisu, akawu a wata ma'aikata a Dutse, ɗaya daga cikin waɗanda aka kwaso daga Kano shekara biyu da suka wuce, lokacin da aka yanke Jihar Jigawa, aka zube mu a gindin duwatsu aka ce mu yi gwamnati. Matata Mu'minatu 'yar Malam Abdulkahar ce, mai makarantar allo a Kiyawa. Can ta tafi haihuwar fari, ta sami 'ya mace, aka sa mata Safina. Ranar da ta cika kwana sittin da biyu a gida, ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Fatsuma, ta aiko mini cewa yarinya ta ce tun da aka kai ta ɗakin nan na Dutse ba ta san barci mai daɗi ba, don haka a bar ta ta ƙara hutawa. Duk wanda ya san Gwaggo Fatsuma ya san hutun da ta ba da ba shi da ranar ƙarewa. Ni kuwa ina son matata, kuma 'yata sau uku kacal na taɓa ɗaukarta. Abin da ya sa na zama masani ke nan.

Mataki na ɗaya: Samo ilimin daga tushensa

Kada ka yi kuskuren hawa mota ka tafi Kiyawa ka tambayi matarka abin da yake hana ta barci. Wannan hanyar mutanen da ba su yi boko ba ce. Kai ma'aikacin gwamnati ne, kuma a wurinmu matsala ba ta zama matsala sai an gan ta a takarda.

Je ka sayi tsire a bakin sakatariya ranar Talata, ka dubi takardar da aka naɗe maka shi. Tawa shafi ce da aka yago daga wata mujallar Turanci, da hoton gado an zagaye shi da kibiyoyi. A nan na fara sanin cewa Sinawa suna da wani ilimi na jera ɗaki, suna kiransa fanshuwe, wai ma'anarsa iska da ruwa. Da na ga haka na san da Dutse suke, don a watan zafi abu biyun nan ne ba mu da su.

Ka'idojin bakwai ne a shafin, amma man tsire ya cinye biyu. Ga biyar da suka tsira: kada ƙafar mai barci ta kalli ƙofa, don ta haka ake fitar da gawa. Kai ya jingina da bango mai kauri, ban da ƙarƙashin taga, ban da bangon banɗaki. Mai kwanciya ya iya hango duk mai shigowa. Kada madubi ya kalli gado. Ƙarƙashin gado ya kasance fayau, domin iska mai albarka ta sami hanyar wucewa. Biyun da suka ɓace kada su dame ka. Masani na gaske yakan cike gurbi da kansa.

Mataki na biyu: Tsaya a bakin ƙofa ka kama mai laifi

Goya hannuwanka a baya kamar mai binciken ofis, ka ƙare wa ɗakin kallo. Za ka ga abin da na gani: ƙaton gadon fomeka da madubi uku a jikinsa, kabad mai gilashi cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, samira da fanteka da kwalla an ɗora su bisa juna har suna gaida rufin kwano, ga keken ɗinki, ga akwatuna biyu, ga kujeru uku a ɗakin da mutum biyu ba sa iya wuce juna sai ɗaya ya karkace. Leƙa ƙarƙashin gado kuma, nan ne sauran gara take, taliya da gwangwanin manja da buhun gero rabi. Ko ɓera ba zai ratsa nan ba, balle iska mai albarka.

A nan wata murya za ta raɗa maka cewa babu ko cokali ɗaya naka a ɗakin nan, duk na Mu'minatu ne, iyayenta suka yi mata, kuma Gwaggo Fatsuma da mata shida ne suka wuni suna jere ranar kai amarya, ita da kanta ta nuna inda ƙafar gado za ta zauna. Muryar za ta ƙara da cewa namiji ba ya taɓa jeren mace. Yi watsi da ita. Gwaggo Fatsuma ba ta taɓa zuwa ƙasar Sin ba.

Mataki na uku: Nemo wa gado bango

Wannan shi ne matakin da ake gane mai ƙwaƙwalwa. Bango huɗu gare ka, sai ka bi su da ɗaiɗai.

In ka kai kan gado arewa, ka kwanta ƙarƙashin taga, ƙafarka kuma ta miƙe sak ga ƙofa, ka zama gawa da ranka. In ka kai shi kudu, kana gefen ƙofa, mai shigowa zai gan ka kafin ka gan shi. In ka kai shi yamma, Sinawa sun yarda, amma ƙafarka ta miƙe gabas, kuma wanda ya auri 'yar malami ya miƙe wa alƙibla ƙafa to ya nemi inda zai ɓoye fuskarsa. Saura gabas, inda Gwaggo ta ajiye shi tun farko, sai dai bayan wannan bango banɗakin gida ne. Ka ga mai laifi ya fito fili. Wata goma sha ɗaya kan matarka yana jingine da banɗaki, ta ina barci zai zo?

Tunda bango huɗu duk sun faɗi jarrabawa, amsa a bayyane take. Gado zai zauna a tsakiyar ɗaki, a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, ba ya taɓa kowane bango, ba ya saɓa wa kowa. Na san ka'ida ta ce kai ya jingina da bango, amma ina da yaƙinin ɗaya daga cikin biyun da mai ya cinye ta yi bayanin wannan. Auna da igiyar shanya. Za ka tarar gadon ba zai juyu ba sai an kwance shi, kuma ba zai kwantu ba sai an fitar da komai waje. Kada ka ji tsoron aiki.

Mataki na huɗu: Zaɓi rana

Asabar ce ranar. Wannan sadaukarwa ce babba, kuma ya kamata a rubuta maka ita. Kowa ya san ma'aikacin Dutse gangar jikinsa kawai aka kawo, ransa yana Kano. Ana sallame sallar Juma'a motoci suke jeruwa a hanya, ba a sake ganin ƙeyarmu sai Litinin da hantsi. Gidan hayar da nake ɗaki biyar ne, uku na samarin ma'aikata, kuma ran Juma'a da la'asar duk kwaɗo ne a ƙofofinsu. Ni ma tun da na zo garin nan ban taɓa yin Asabar a cikinsa ba, har bayan aure. Nakan bar wa Mu'minatu cefane wadatacce, in tafi in gaida Hajiya mahaifiyata, in dawo mata da biredi da tsarabar birni. Miji na gari ke nan.

Saboda haka ranar da maƙwabta suka gan ka a tsakar gida da safiyar Asabar, da singileti, za su san lallai akwai magana. Bar su da tunaninsu.

Mataki na biyar: Ari sifana, kada ka ari shawara

Ɗaki na biyar a gidan na Chollom ne da matarsa Juliana, mutanen Filato. Shi injin ruwa yake gyarawa, ita tana da ɗan teburin sabulu da gishiri a ƙofar gida, kuma ita ce ƙawar Mu'minatu ɗaya tilo a Dutse, har ranar sunan Safina ta je Kiyawa da turmin atamfa. In maƙwabtanka ba haka sunansu yake ba, babu komai, kowane gidan haya yana da nasa.

Chollom zai ba ka sifana, zai ma biyo ka ya kama maka. Amma kafin ya ɗora ta a kan noti na farko zai tsaya ya dube ka.

"Malam Idi, madam ta san da wannan aikin?"

Ce masa mamaki kake so ka ba ta. Zai ce shi shekararsa goma sha biyar da aure, ko kujerar tsuguno bai taɓa matsar wa Juliana ba tare da ya tambaya ba, kuma har yau yana barci lafiya. Yi masa uzuri. Mutumin kirki ne, injin ruwa ya sani, bai karanta shafin ba. Nuna masa hoton gado da kibiyoyi, zai yi shiru. Mutum yakan yi shiru a gaban ilimi.

Zuba notuna a aljihunka. Kada ka ƙirga su, ƙirga noti alamar rashin yarda da kai ce.

Mataki na shida: Fitar da komai tsakar gida

Fara da tangaran, sannan samira, sannan akwatuna. Jingine katifa a jikin katanga inda duk mai wucewa zai hango ta ta saman ƙofa. Allunan gado ka jera su a ƙasa, madubai suna kallon sama. Kafin ƙarfe goma tsakar gida za ta koma kamar kasuwar 'yan gwanjo, kai kuma za ka ji wani irin alfahari yana taso maka.

A daidai nan Juliana za ta shigo ɗaukar canji. Za ta tsaya cak, ta dubi katifa, ta dubi samira, ta dubi mijinta da sifana a hannu, sannan ta dube ka. Idonta zai kawo ruwa.

"Oga Idirisu, me yarinyar nan ta yi maka? Da ɗanyen jego?"

Kada ka ɓata lokaci wajen bayani, aiki yana jiranka. Ni ce mata na yi, wannan magana ce ta ilimi, ta fi ƙarfin a tsaya yi a tsakar gida, kuma na riga na yanke shawara. Ta juya ga Chollom ta yi masa magana da yarensu, gajeriya, wadda ta sa ya ajiye sifana a hankali kamar ƙwai ya shige ɗaki. Sannan ta ɗaura ɗankwali, ta bar teburin sabulunta a buɗe, ta nufi tasha da sauri. Na ɗauka sari ta tafi.

Yanzu da hankali ya dawo zan iya gaya maka abin da kowace mace a ƙasar nan ta sani tun tana 'yar shekara bakwai, ni kuma na manta saboda yawan karatu. Gadon mace sau biyu ake kwance shi a fitar da shi tsakar gida: ranar tashi daga gida, da ranar da aure ya mutu. Ni kuwa ba tashi nake ba. Ko a mutuwar auren ma danginta mata ne suke zuwa su kwashe, miji ba ya sa hannu. Mijin da ya fitar da kayan da kansa, ya yi saki ya haɗa da wulaƙanci. Amma kada ka tuna wannan yanzu, in ka tuna za ka ɓata tsarin.

Mataki na bakwai: Karɓi baƙi

Share ɗakin tas, ka yayyafa ruwa, ka tsaya a tsakiya ka ji yadda iska take kaiwa da komowa. Ji daɗinka sosai, don awa uku gare ka.

Bayan azahar za ka ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofar gida. Ga alkawarina ya cika. Malam Abdulkahar zai fara saukowa daga gaba, da rawani da carbi. Daga baya Gwaggo Fatsuma za ta diro, da mata huɗu riƙe da igiyoyi da buhuna, sai Juliana. A ƙarshe Mu'minatu, goye da Safina, ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ana ganin kumburin idonta.

Ni da na ga igiyoyin nan, sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Kwasar kaya suka zo. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba tun da nake, don na ga da idona yadda mutum yake rasa iyalinsa cikin wuni ɗaya, da hannunsa, da sifanar aro. Durƙusa.

Malam ba zai ɗaga murya ba. Zai amsa gaisuwarka cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi Hajiya, sannan ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun 'yarsa da suke rana.

"Idirisu, aure rai gare shi, ba mu zo faɗa ba. Saki nawa ne, kuma ina takardar?"

Mataki na takwas: Koyar da surukinka

Rantse da Allah babu saki, ba ka furta ba, ba ka rubuta ba, ko a mafarki. Ce masa takarda ɗaya ce a aljihunka, kuma ba irin wadda yake nema ba ce. Miƙa masa shafin da hannu biyu.

Malam ba ya karanta boko, amma ya juya shafin, ya dubi kibiyoyin, ya kai shi kusa da hanci. Ya tambaya ko malamin da ya ba ni wannan ilimi mahauci ne. Na yi bayani tun daga ƙofa har bangon banɗaki, na kai ga gadon da zai zauna a karkace. Ina cikin yi na ji ɗaya daga cikin matan nan ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kada ka yarda dariya ta karya maka gwiwa. A irin wannan rana dariya alheri ce, don ba a ɗaure kaya ana dariya.

Malam ya ce shi bai san wani littafi da ya haramta juya gado ba, amma bango ba ya ba da barci kuma ba ya hanawa. Mutum ya yi alwala, ya yi addu'a, ya kwanta a damansa. Ya ce ya gode Allah da abin ya tsaya a wauta, don wauta tana da magani.

Gwaggo Fatsuma ce ba za ta yi dariya ba. Za ta zagaya kayan ɗaya bayan ɗaya, ta gano murfin samira da ya loɓa, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Za ta sanar da unguwa cewa ta yi jeren amare sun fi talatin daga Kiyawa har Ringim, ba a taɓa samun angon da ya ce ta yi kuskure ba sai ɗan boko mai warin tsire. Sannan ta ce saki ko babu saki, mota ta riga ta zo, igiya ta zo, yarinya kuma ta ce ba ta iya barci a nan, to a ɗora kaya. Sunkuyar da kai. Duk abin da ka faɗa a nan zai ƙara mata ƙarfi.

Malam ne ya tsayar da ita. Ya ce kaya na Mu'minatu ne, ɗaki nata ne, barcin ma nata ne, kuma tun safe kowa ya yi magana ban da ita. Ya ce mu shiga ciki mu biyu, abin da ta fito ta faɗa shi za a yi.

Mataki na tara: Tambayi mai ɗakin

Na sani, a mataki na ɗaya na hana ka. To yanzu lokacinsa ya yi.

Muka shiga ɗakin da babu komai sai shatin ƙafafun gado a kan leda. Na fara nuna mata inda iska za ta riƙa bi. Ba ta kalli inda nake nunawa ba. Ta tura ƙofa ta leƙa bayanta.

"Yaya, ina taɓaryar da take nan?"

Na ce na fitar da ita tare da sauran kaya, kuma dama ina so in tambaya, me taɓarya take yi a ɗakin kwana alhali turmi yana madafa?

"Da ita nake kwana," ta ce. "Daga Juma'a zuwa Litinin."

Ta faɗi sauran a hankali, tana jijjiga Safina, ba ta ɗago kai ba. Ta ce mu ma'aikata muna tafiya Kano unguwar take mutuwa, ko tarin mutum ba a ji, sai kukan karnuka daga kan dutse. Takan jawo kujera ta tokare ƙofa, ta zauna a bakin gado da taɓarya a cinya har a kira assalatu. In Chollom yana aikin kwana a gidan ruwa, ita da Juliana sukan ƙwanƙwasa wa juna bango don kowa ta san akwai mai rai a gidan. Ran Litinin in na dawo da biredi na tarar da ita tana gyangyaɗi, nakan ce ciki ne yake sa ta kasala.

"Wata goma sha ɗaya, Yaya. Ni kaɗai na iya. Da jaririya a hannu ba zan iya ba."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun tuni.

"Wurin Hajiya kake zuwa. In ce maka kada ka je gaida mahaifiyarka?"

Ni na san gaisuwar Hajiya rabin awa take ɗauka. Sauran kwana biyu da rabi a majalisar abokai nake yinsu, ana shayi ana musun ƙwallo, ina ba da labarin yadda Dutse ba ta zaunuwa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, kuma a ɗakin babu ko kujerar da mutum zai kalla. Na ba ta haƙuri. Na yi alkawura masu yawa, ta saurare su duka, ba ta ce ta yarda ba.

Da muka fito ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce a mayar da kaya ciki, za ta zauna zuwa Juma'a ta gani. Gwaggo Fatsuma ta ce to, ita ma ta gaya wa mai mota kada ya yi nisa ran Juma'a.

Mataki na goma: Mayar da komai inda yake, sannan ka jira Juma'a

Mata biyar za su mayar da jere cikin awa ɗaya, Gwaggo tana tsaye tana nuni da baki. Gado zai koma gabas, jikin bangon banɗaki, ƙafafunsa a kan tsohon shatinsu. Kai da Chollom za ku ɗaure shi, noti uku su yi saura a aljihunka. Tubali ɗaya a ƙarƙashin kusurwar hagu yana gyara komai.

Daga nan sai abin da ya fi kwance gado wuya. Ran Juma'a bayan masallaci motar abokan tafiyarka za ta tsaya a ƙofar gida ta danna ham, kamar kullum, an bar maka kujerarka ta gefen taga. Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙafata ta motsa. Mu'minatu tana zaune tana shayar da yarinya, ba ta ko kalle ni ba, amma na lura akwatinta ƙarami da ta zo da shi daga Kiyawa tun ranar Asabar ba ta kwance shi ba. Juliana kuma ta bar teburinta ta zo ta tsaya shara a wurin da ta riga ta share.

Fita da silifas, ba da takalmin tafiya ba. Ba su saƙo su kai wa Hajiya, cewa ƙarshen wata za mu zo mu uku. Za su yi maka tsiya, za su ce an shanye ka, wani zai tambaya ko Sinawa ne suka hana ka Kano. Ce musu e, ka'ida ta shida ce. Tsaya har motar ta sha kwana, sannan ka koma ciki ka karɓi 'yarka.

Da la'asar na ga Mu'minatu ta buɗe akwatin tana jera kayan Safina a kabad.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin loɓewar samira, ɓacewar noti, ciwon baya, ko sunan da unguwa za ta laƙaba maka, wanda ni har yau nake amsawa a ofis. In surukinka ba shi da haƙurin Malam Abdulkahar, ko gwaggon matarka ta riga kowa isowa da mota, wannan tsakaninku ne, kada ka ambaci sunana a gaban alƙali. Sinawa ma babu ruwansu, ba su san an naɗe tsire da iliminsu ba. Sakamakon dai na tabbatar maka da shi, don tawa ta dawo, kuma ina nan a kan bakana cewa fanshuwe ne ya dawo da ita.

In dole sai ka zo neman ƙarin bayani, kada ka neme ni a Kano. Zo ranar Asabar da hantsi, za ka same ni a tsakar gida da Safina a kafaɗa. Amma ka yi sallama ƙasa-ƙasa, Mu'minatu tana barci.